Takardar da Aka Rufe da Roba

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

Wannan ragowar littafin lissafina ne na zangon da ya wuce. Malamarmu ta ce duk wanda bakinsa ke da nauyi ya riƙa rubutu, kada magana ta ruɓe masa a ciki. To ga ni.

Yau Gwaggo ta sa sunana a jerin masu ba da shaida.

A cocinmu, Lahadin ƙarshe na kowane wata ana ware lokaci kafin wa'azi. Mutum biyar, kowa minti uku. Sakatare yana zaune a gefe da agogonsa a kan tebur, in lokacinka ya cika sai ya ƙwanƙwasa biro. Kuma ba a fita hannu banza. Kowa da abin da zai ɗaga sama jama'a su gani: takardar ɗaukar aiki, sakamakon jarrabawa, makullin sabon shago. Wata ta taɓa ɗaga jariri. Sai a yi tafi, mawaƙa su tashi.

Ran Juma'a sakamakon gwajin Mama na farko ya fito, kuma mai kyau ne. Gwaggo, yayar marigayi Baba, wadda ita ce shugabar zumuntar mata, ta yi rawa da takardar a ɗakin ɗinkinmu har ta yi ƙwallo da gwangwanin maɓallai. Ni na tsince su. Likita ya ce akwai gwaji na biyu, sai bayan kwana goma sha biyu. Gwaggo ta ce likitoci ba sa rabuwa da "sai dai".

Mama ba ta iya tsayuwa gaban jama'a, shi ya sa aka ce ni.

Na ce, "Gwaggo, ni?"

Ta ce, "A'a, katangar bayanki. Ke mana, Shiru! Wa ya yi azumin kwana uku in ba ke ba? Allah zai buɗe bakin nan ko yana so ko ba ya so, mu huta da gyaɗa kai." Shiru shi ne sunan da ta laƙaba mini.

Saura mako uku. Ni da ko a aji aka kira sunana sai in ji harshena ya zama katako.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Gwaggo ta kai takardar shagon masu hoto an rufe ta da roba mai ƙyalli, wai kada gumin hannuna ya ɓata ta ranar. Ta jingine ta kusa da hoton Baba.

Mama ta ce, "Gwaggon yara, da kin bari na biyun ya fito."

Gwaggo ta ce, "Mai godiya ba ya jira sai an cika masa buhu."

Keken ɗinki yana ta aiki tun safe. Mama ta karɓi ɗinkin wata makarantar firamare, riga arba'in, shuɗiya mai farar kwala. Tun daga kwanar layinmu nake jin ƙarar keken in na dawo. Ni ce mai sa maɓallai, huɗu-huɗu.

Laraba, lokacin tara

Na rubuta shaidar, shafi ɗaya da rabi. Rediyo, wadda muke benci ɗaya da ita, ta fizge ta karanta da muryar Fasto, har da gyaran tabarau da ba ta da shi.

Ta ce, "Ke da 'ina kwana' ke ba ki wahala, a ina kika ɓoye 'ya ku jama'ar Ubangiji'?" Ta auna da agogonta. Wai in ita ce minti huɗu, in ni ce kuwa sai an zo da tabarma da matashi.

Na yi dariya. Gaskiya na ji daɗin rubutun. Na rubuta "an warkar da mahaifiyata" sau uku, na ja layi a ƙarƙashi.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Mama ta kira Yaya a waya.

Yaya tana aiki a wani kantin magani a wani gari. Rabonta da coci tun jana'izar Baba, shekara uku ke nan. Lokacin da yake kwance mutane sun yi ta zuwa suna kama hannunsa suna cewa zai tashi, har da masu faɗin rana. Yaya ce take canza masa zanen gado. Ba ta taɓa yin gardama da kowa ba. Bayan jana'izar ta ninke rigarta ta mawaƙa ta ba Mama ta ce a yi tsumman guga da ita.

Mama ta buɗe muryar wayar don in ji. Yaya ta ce, "Fasto ƙarama ce za ta tsaya a gaba? To zan zo in ga abin al'ajabi. Ba na takarda ba, na bakinta."

Mama ta ajiye wayar tana murmushi, ta ce, "Kin ji, Auta? Za ta shiga coci."

Yanzu tsorona ya zama biyu.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na gwada a gaban madubi. Ko madubin ma kunyarsa nake ji.

Litinin, ƙarfe uku da rabi

Na sha kwanar layinmu ban ji keke ba. Na tarar Mama a kwance a kan doguwar kujera, tef ɗin awo a wuyanta. Ta ce gajiya ce. Riga goma sha tara aka gama.

Na dafa shayi. Ta sha rabi.

Laraba, ƙarfe uku da rabi

Kafin in dawo daga makaranta Mama ta riga ta dawo daga asibiti. Na same ta zaune a gaban keke, ƙafarta a kan matakin amma ba ta taka ba. Ambulan ɗin da ke ɗauke da sakamakon gwaji na biyu yana ƙarƙashin rigunan da aka gama. Gefensa ya leƙo.

Na ce sannu da dawowa. Ta ce, "Auta, kwaso shanya."

Na fita. Babu komai a kan igiya. Na daɗe a tsaye a wurin, domin na gane ba shanya take nufi ba.

Laraba, ƙarfe bakwai

Ta faɗa mini. Ba zan rubuta sunan abin a nan ba.

Alhamis, lokacin tara

Malamin kimiyya ya yi mini tambaya, na tashi na tsaya kawai. Ya ce ko a gida ma haka nake, kamar an dasa ni? Aji ya yi dariya. Rediyo ba ta yi ba. Ta tura mini rabin burodinta ta ƙarƙashin benci, kuma yau tunda aka shiga aji ba ta ce uffan ba. Wannan shi ne babban alherin da ta taɓa yi wa wani.

Ban ci burodin ba. Yana cikin jakata.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Gwaggo ta zo, Mama ta gaya mata. Ta zauna a kan buhun ƙyallaye ta yi shiru, har na zaci wata ce daban. Can sai ta miƙe ta gyara ɗankwali.

Ta ce, "Ba mu karɓa ba. Mun ƙi."

Da Mama ta shiga ciki, na yi ƙarfin hali na ce, "Gwaggo, sai a cire sunana ke nan."

Ta ce, "A cire saboda me?" Ta ɗauko mai robar ta sa mini a gaban ido. "Wannan ƙarya ce? Likita bai sa hannu ba? Ga hatimi. Ita za ki ɗaga. Ta biyun ba ruwan kowa da ita, kafin a kai ga nan Allah ya share ta. Ke yarinya ce, ba ki san mutane ba. Akwai masu raunin bangaskiya a cocin nan, sai sun gani da idonsu. Gani ya kori ji. Ga yayarki za ta zo bayan shekara uku. So kike ta shigo ta tarar da mu muna kuka?"

Na gyaɗa kai. Ban san ko "e" na gyaɗa ko "na ji" ba.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ta zo yau, mako guda kafin lokacin da ta ce. Wai muryar Mama ce ba ta yi mata ba a waya.

Ko jakarta ba ta sauke ba ta ce a ba ta ambulan. Ta karanta a tsaye, sau biyu, leɓenta yana motsi. Ta yi wa Mama tambayoyi da kalmomin da ban sani ba. Mama ta ce an tura ta babban asibiti, Litinin ta bayan Lahadin shaida, kuma za a kwantar da ita. Yaya ta ce da ita za a je.

Sai idonta ya kai kan mai robar.

Ta ce, "Wannan fa?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Kun riga Fasto shiga coci ke nan." Ba ta yi dariya ba. Ta kifa takardar a kan fuskarta, ta shiga wanka.

Lahadi, ƙarfe ɗaya na rana

A coci mata sun yi ta rungumar Mama suna cewa sun ji labari, Allah mai iko. Mama tana cewa, "Ku ci gaba da yi mana addu'a." Su kuma suna cewa, "Ai an gama, sai godiya." Wata ta ja mini kumatu ta ce suna jiran ranar.

Na yi waƙa tare da kowa. Baki ne kawai.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Muna wanke-wanke a bayan gida, ni ina wankewa Yaya tana ɗauraya, sai ta ce, "Fasto ƙarama, da gaske za ki ɗaga abin can?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "To ki sani. In kika ɗaga ta, zan tashi a gaban kowa in fita. Kuma ba za ku ƙara ganin ƙafata a wurin nan ba ko gawa aka kai."

Ta ji abin da ta faɗa. Ni ma na ji. Ruwa ya yi ta zuba a cikin baho har ya cika ya tumbatsa.

Can ta ce a hankali, "In kuma ba ki ɗaga ba, me za ki ce? Me kike da shi? Nuna mini abu ɗaya. Ɗaya tak."

A ajin matasa an taɓa koya mana amsoshin da za mu ba wanda ya ce babu Allah. Na haddace su duka, har kyauta na ci. Na fara da rana da wata, yadda ba sa saɓa lokaci. Na shiga maganar idon mutum da yadda aka tsara shi.

Ta ce, "Ban tambaye ki rana ba. Rana lafiyarta ƙalau. Mama nake tambayarki."

Amsoshin sun ƙare a nan. Akwai guda huɗu da ban faɗa ba, amma na san duk hanyarsu ɗaya.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na yi wani abu da nake jin kunyarsa.

A hanyar dawowa na ce, Ubangiji, in kana ji na, ka sa in ji ƙarar keke in na sha kwana. Wannan kaɗai. Ba zan gaya wa kowa ba, ni kaɗai zan sani. Na rage tafiya don in ba shi lokaci. Na tsaya a gaban shagon mai gyaran takalmi kamar ina neman wani abu.

Na sha kwana. Shiru. Kaza ce kawai take tono a bakin kwata.

Na koma baya na sake shan kwanar. Mai gyaran takalmi ya ce, "'Yan mata, kin yar da wani abu ne?"

Na ce e.

Laraba, ƙarfe biyar da rabi

Yau ne ake kai wa Sakatare rubutun shaida ya duba. Na je da niyyar in ce ya cire ni. Na jera maganar tun daga gida.

Ya ɗago kai ya ce, "A'a, 'yar tela! Gwaggonki ta riga ta kawo naki. Ya yi kyau, sai dai ki rage 'ya ku jama'a', sau biyar ya yi yawa. Ke ce ta huɗu. An riga an buga tsarin sujada." Ya nuna mini. Ga ni nan, an rubuta "shaidar warkarwa".

Na buɗe baki. Ya ce, "Kada ki ji tsoro. Ki kalli agogon bango, kada ki kalli mutane." Wayarsa ta yi ƙara.

Na ce na gode, na fito.

A hanya wani tunani ya zo mini, ban sani ba ko daidai ne. Gwaggo da Yaya ko ga maciji ba sa yi a kan maganar nan, amma su biyun abu ɗaya suke riƙe da shi. Gwaggo tana da takardarta, Yaya tana da tata. Kowacce tana cewa ga shi nan, a duba. Ni ce a tsakiya ba ni da ko ɗaya.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Ban yi karatun safe ba. Na buɗe Littafi Mai Tsarki, na rufe.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Mama ta ce sai ta gama rigunan kafin Litinin, yaran mutane ba za su ci gaba da zuwa makaranta da tsofaffi ba saboda ita. Tana ɗinka ɗaya ta huta, ta ɗinka ɗaya ta huta. Yaya ta tafi nemo wasu takardun asibiti. Ina ƙasa ina sa maɓallai.

Na ce, "Mama, ba kya jin tsoro?"

Ta ce, "Ina ji mana. Ni dutse ce?"

Na ce, "To yaya kika san Ubangiji yana jin mu?"

Ta ciji zare ta tofar. Ta ce, "Ban sani ba irin sanin da kuke yi a makaranta. Shekara ashirin da biyu na zauna da babanku. In ya fita ba na bin bayansa in ga inda ya shiga. Na san halinsa. Shi ma wannan ɗin na daɗe da shi, na san halinsa."

Na ce, "Amma bai ta da Baba ba."

Ban taɓa faɗin wannan a fili ba. Na zaci za ta yi mini faɗa. Ta daɗe tana miƙar da kwalar rigar da ɗan yatsa.

Ta ce, "Bai tayar ba. Wata bakwai ina fushi da shi. Amma ko fushin ma wurinsa nake kaiwa. Wurin wa zan kai? Gwaggonku?"

Muka yi dariya, har ta riƙe gefen cikinta ta ce in daina.

Na ce, "Ran Lahadi me zan ce?"

Ta ce, "Bakinki ne, ba zan ara miki nawa ba. Abu biyu kawai. Kada ki faɗi sunan ciwon, wannan nawa ne. Kuma kada ki yi ƙarya a kaina ina zaune ina kallonki. Miƙo mini almakashi."

Riga talatin da huɗu.

Juma'a, lokacin tara

Rana ba ta ƙarya. Saura kwana biyu.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Gwaggo ta zo ta ce ita za ta goge mini farar rigata, wai gugata kamar an kwana a kai. Ta shimfiɗa bargo a kan tebur. Yaya tana ganinta ta ɗauki bokiti ta fita.

Tana guga tana ba ni umarni. In ɗaga murya. In ɗaga takardar da hannu biyu, in juya dama, in juya hagu, don na baya su gani. Sai ta tsaya a kan hannun riga ɗaya har na ji ƙauri.

Ta ce, ba ta kalle ni ba, "Ni ce na tsaya a gaban bagaden cocin nan na ce ƙanena zai tashi. Ni. Da bakina. Shekara uku ina zaune a benci na biyu ina tafa wa mutane. Ina so ko sau ɗaya gidanmu ya ɗaga wani abu, Shiru. Laifi ne?"

Na ce, "A'a, Gwaggo."

Sai na ce, "Amma ba zan iya cewa ta warke ba."

Ban san ta inda maganar ta fito ba. Ta juya rigar, ta goge baya, ta rataye. Ta ɗauko mai robar ta sa a jakata da hannunta, ta ja zif.

Ta ce, "Ki yi abin da ba zai ba mu kunya ba."

An gama riga arba'in. Yatsana ya kumbura.

Lahadi, ƙarfe shida na safe

Ya Yesu, ba na neman alama yau. Ka riƙe mini gwiwoyina kawai.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Yaya ta zo. Ta zauna a bencin ƙarshe, daf da ƙofa, hannuwanta a harɗe. Mama da Gwaggo suna benci na biyu. Na farko ya ɗaga lasin tuƙi. Ta biyu ta ɗaga sakamakon ɗanta. Na uku ya wuce lokaci har Sakatare ya ƙwanƙwasa biro sau uku, aka yi dariya, aka yi tafi.

Aka kira ni. Aka fara tafi tun kafin in tashi. Na bar jakar a kan benci. Gwaggo ta miƙo mini ita, na yi kamar ban gani ba. Wannan ne abu mafi wuya a duk ranar.

Da na isa gaba ban san inda zan sa hannuwana ba. Na kalli agogon bango kamar yadda Sakatare ya ce, amma sai na ga ba daidai ba ne in faɗi irin wannan magana ga agogo. Na kalli Mama.

Na ce, "Ba ni da abin ɗagawa."

Wani ya ce, "Ƙara murya!" Na sake faɗa.

Na ce gwajin mahaifiyata na farko ya fito da kyau, na biyu bai fito da kyau ba. Gobe za a kwantar da ita. Na ce mun yi addu'a, na yi azumi, kuma ban san abin da zai faru ba. Na ce na roƙi Ubangiji alama a wannan makon bai ba ni ba. Na ce an rubuta shaidar warkarwa a takardar sujada, amma ban zo in ce ya warkar da ita ba, domin ban gani ba. Na zo in ce Yesu ne Ubangijinmu ranar da takarda ta fito da kyau, shi ne kuma yau. Ko ya warkar ko bai warkar ba, wurinsa muke. Ina jin tsoro, kuma wurinsa nake kai tsoron. Na ce shi ke nan abin da nake da shi.

Ban san na gama ba, sai na ci gaba da tsayuwa. Sakatare bai taɓa biro ba. Babu wanda ya yi tafi. Shugaban mawaƙa ya ɗan miƙe, ya duba hagu da dama, ya koma ya zauna. Ina jin fankar sama tana juyawa. Can daga tsakiya wani tsoho ya ce "Amin", shi kaɗai, da murya kamar ta mai tari.

Fasto ya taso ya dafa kaina ya ce kowa ya sunkuya a yi wa Mama addu'a. Kafin in sunkuya na duba ƙofa. Yaya tana nan. Hannuwanta a harɗe har yanzu, amma tana nan.

Na biyar ya fito da makullin shago a hannu, ya duba shi, ya sa a aljihu, ya yi godiyarsa a taƙaice. Na ji tausayinsa. Ban so in ɓata masa rana ba.

Bayan an tashi wasu sun kauce mini, ina jin ba su san abin da za su ce ba. Wata mata mai zama kusa da taga, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta matse hannuna har ya yi zafi. Ta ce a kunnena, "Tawa takardar shekara biyu tana ƙasan akwati. Ko mijina bai sani ba." Ta tafi kafin in amsa.

Gwaggo ta tafi gida ba ta jira mu ba.

A hanya Mama tana gaba a hankali, ni da Yaya a baya. Yaya ta ce, "Kin yi in'ina sau shida. Na ƙirga."

Na ce to.

Ta ce, "Ba ki nuna mini komai ba fa."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "To." Ta karɓi jakata ta rataya, alhali ba ta da nauyi.

Lahadi, ƙarfe bakwai na yamma

Gwaggo ta zo da bargo da filas da silifas sabo na asibiti. Ta yi magana da Mama, ta yi magana da Yaya, har da kyanwar maƙwabta ta yi wa magana. Ni "matsa" kawai ta ce mini, sau biyu. Idonta ya yi ja.

Za ta kwana a nan har Mama ta dawo. A gadona. Ta ce ita ba ta kwana a bango.

Litinin, lokacin tara

Sun tafi. Ban san komai ba tukuna. Yaya ta ce za ta kira in an ba su gado.

Motar haya ta zo ƙarfe shida da rabi. Aka sa jaka da bargo a baya. Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a yi addu'a kafin a fita. Duk muka kalli Gwaggo, domin ita ce mai yi kullum. Gwaggo ta kalli ƙasa ta ce, "Shiru ce za ta yi."

Na kama hannun Mama, Gwaggo ta kama ɗayan. Yaya ta tsaya a gefe da ambulan a hammata. Na fara. Maganar tana fitowa ɗaya-ɗaya, ina tsayawa ina nemo ta gaba. Direba ya danna hon. Na rikice, na maimaita abin da na riga na faɗa. Ya sake dannawa, dogo, ya leƙo ya ce, "Jama'a, ina da wasu fasinjoji fa!"

Na buɗe ido ɗaya. Yaya ba ta rufe nata ba, ba ta sunkuya ba. Ta taka har bakin tagar motar.

Ta ce, "Malam direba, kashe motar nan. Ƙanwata ba ta gama ba."

Ya kashe. Na rufe idona, na ci gaba daga inda na tsaya.